Awon Riba da Hasara a Karatun Halayyar Ɗan Adam

 

Mas'alar da aka ɗora mini in yi bahasi a kanta ita ce wadda uba yakan kwana yana juyawa a ransa, ran da ɗansa ya kawo masa takardar shiga jami'a, ya duba ya ga ba likitanci aka ba yaron ba, ba lauya ba, ba injiniya ba, an rubuta masa ilmin halayyar ɗan Adam ko ilmin zamantakewa: shin kuɗin da zan zuba a wannan karatu za su dawo? Akwai malaman da ke ganin kawo wannan tambaya zauren ilmi rashin ladabi ne, wai ilmi ya fi ƙarfin a ɗora shi a sikeli. Ni ban tafi a kan wannan ra'ayi ba, domin mutumin da zai sayar da buhunan masararsa tun kaka, ko ya jinginar da gonar gado, don ya biya kuɗin rajista, yana da haƙƙi a kanmu mu gaya masa haƙiƙanin abin da ya saya, kuma ɓoye masa aibin haja don kada ya fasa ciniki abu ne da shari'a ta hana ɗan kasuwa, balle malami.

Fannonin da muke magana a kansu su ne masu binciken abin da ke sa mutum ya aikata abin da yake aikatawa, shi kaɗai ko a cikin jama'a: ilmin halayyar ɗan Adam, da ilmin zamantakewa, da ilmin al'adun al'ummai, da abin da ya yi reshe daga gare su, kamar nazarin aikata laifuffuka da aikin jin daɗin jama'a. Ba baƙi ne ba a gidan Musulunci. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya wallafa littafi a kan maslahar jiki da ta rai, ya yi bayanin baƙin ciki da tsoro da fushi da waswasi a matsayin cututtuka masu sababi da magani. Ibn Khaldun kuwa ya rubuta Muƙaddimarsa a 1377, inda ya bi diddigin abin da ke haɗa kan al'umma da abin da ke rushe dauloli. Turawa suka zo daga baya suka shigar da awo da gwaji, tun daga ɗakin binciken da Wilhelm Wundt ya buɗe a Leipzig ta ƙasar Jamus a 1879, har abin ya iso mu aka buɗe sashen farko na ilmin halayya a Jami'ar Nsukka a 1964. Ba wanda ya san wannan silsila da zai yi musun darajar fannin. Sai dai a kan farashinsa aka gayyace ni.

Masana tattalin arziki sun daɗe da kafa mizanin da ake auna wannan. Adam Smith, tun a 1776, ya kamanta mutumin da aka kashe dukiya da shekaru wajen koyar da shi da na'ura mai tsada, wadda wajibi ne aikinta ya mayar da kuɗin da aka saye ta har da riba. Gary Becker na Jami'ar Chicago ya ɗauki wannan ƙiyasi ya gina masa hisabi cikakke a littafinsa na 1964 a kan jarin da ake zubawa a jikin mutum. Wasu masu bincike biyu na Bankin Duniya, George Psacharopoulos da Harry Patrinos, da suka tattara abin da aka auna a ƙasashe masu yawa, sun fitar a 2018 cewa kowace shekara guda ta karatu tana ƙara wa mutum kimanin kashi 9 cikin ɗari na abin da yake samu, kuma ribar 'ya'ya mata ta ɗara ta maza, abin da ya kamata iyaye su riƙe. Wannan adadi gaskiya ne, amma tsaka-tsaki ne, an zuba likita da malamin firamare a masaki ɗaya an raba. Da aka zo aka ware fanni fanni, sai bambanci mai ban tsoro ya bayyana. Jami'ar Georgetown ta Amurka ta nuna a 2015 cewa mai digirin injiniyan man fetur yana samun kimanin dala 136,000 a shekara, alhali mai digirin koyar da ƙananan yara yana samun dala 39,000, kuma ilmin halayya da aikin jin daɗin jama'a suna can kusa da ƙasan jeri. Wannan fa a ƙasar da kasuwar ƙwadago take da faɗi ke nan, kuma a can ne bashin karatu da ke wuyan mutane ya haura dala tiriliyan 1.6.

To, mu dawo gida mu yi namu lissafin, kuma ina roƙon ku ɗauki adadin da zan ƙaddara a matsayin misali, kowa ya cire ya sa na gidansa. Mu ƙaddara samari biyu 'yan gida ɗaya sun gama sakandare shekara ɗaya. Ɗaya ya tafi jami'a, ɗayan aka kai shi Kantin Kwari ya zama yaron shago. Mu ƙaddara na jami'a yana cin Naira 500,000 a shekara, tsakanin rajista da ɗaki da abinci da kuɗin mota da takardu. Shekara huɗu Naira 2,000,000 ke nan. Galibin iyaye nan suke tsayawa da lissafi, alhali babban kuɗin bai ma shigo ba, shi ne abin da yaron zai samu da bai tafi makaranta ba. In muka auna shi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka mayar Naira 70,000 a Yulin 2024, wata 48 zai ba mu Naira 3,360,000. Uwar kuɗi ta zama Naira 5,360,000. Shekarar bautar ƙasa ba za mu sa ta ba, domin alawus ɗin Naira 77,000 da ake biya yanzu ya yi kusan daidai da abin da zai samu a waje. Yanzu in ya kama aiki yana samun fiye da ɗan'uwansa da Naira 50,000 a wata, wato 600,000 a shekara, sai ya yi kusan shekara 9 kafin ya mayar da uwa. In kuwa ya yi zaman jiran aiki na shekara biyu, wanda ba abin mamaki ba ne a ƙasar nan, uwar ta haura miliyan 7, shekarun mayarwa su kusa 12. Amma in fifikon da ke tsakaninsu ya kai Naira 150,000 a wata, cikin shekara uku zuwa huɗu ya gama fanshe kansa, abin da ya biyo baya har ƙarshen aikinsa riba ce.

Wannan lissafi yana da kusurwoyin da adalci ya wajabta a ambata. Sau da yawa yaron shago ba ya ganin Naira 70,000 a wata, abincin rana da ɗan na kashewa kawai yake samu, yana jiran ran da maigida zai sallame shi da jari. In haka ne, hasarar mai tafiya jami'a ta ragu. Wani kuma maigidan yakan sallame shi da alheri, kafin ɗan'uwansa ya gama bautar ƙasa shi ya yi aure ya buɗe nasa shagon. Sa'an nan shekara huɗun nan a takarda take huɗu: yajin aikin malaman jami'a ya ci kimanin wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kuma duk watan da ɗalibi ya zauna a gida yana cikin uwar kuɗi. Ga kuma tsadar rayuwa, wadda ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, tana cinye albashin da ke tsaye wuri ɗaya, alhali mai haja yana ɗaga farashinsa tare da kasuwa. Duk da haka asalin mas'alar bai sauya ba: riba da hasara sun rataya ne a kan girman fifikon da takardar za ta ba mai ita, da saurin samun aikin.

Me ya sa fifikon digirin farko a wannan fanni yakan zama kaɗan? Sababi na farko shi ne ba ya buɗe wata ƙofa wadda ba a shigarta sai da shi. Mai karatun magunguna yana da lasisi, lauya yana da rigarsa, ba mai tsayawa gaban alƙali a madadinsa. Amma wanda ya gama ilmin halayya shekara huɗu ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, kuma ina so iyaye su ji wannan da kyau, domin na ga masu ɗaukar ɗansu likita tun yana aji biyu: likitan ƙwaƙwalwa likitanci ya karanta tukuna sa'an nan ya ƙware. Wanda zai zauna da majinyaci a asibiti ta fuskar ilmin halayya sai ya ƙara digiri na biyu da horo a gaban ƙwararru. A yawancin jihohin Amurka ma sai da digiri na uku ake ba shi lasisi. Idan kuwa aikin gwamnati ya nufa, mataki na takwas za a ɗora shi, daidai da mai digirin tarihi da mai digirin siyasa, su yi layi ɗaya su dubu a kan gurbi goma. Digirin farko a nan kamar fata ce da ta fito daga majema: an jeme ta, ta yi laushi, tana da kuɗinta, amma ba ta zama takalmi ko jaka ba sai ta bi ta hannun baduku, kuma ribar mai yawa a hannun badukun take.

Sababi na biyu, Allah gafarta malam, namu ne mu masu koyarwa da ku masu koyo, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Jigon waɗannan fannoni a zamanin nan shi ne iya bincike: yadda za a tsara tambaya, a zaɓi waɗanda za a tambaya ba da son rai ba, a tattara amsa, a sarrafa ta da ilmin ƙididdiga har ta zama hujja. Wannan shi ne abin da kasuwa ke saye da tsada, shi ne kuma abin da ɗalibai suka fi gudu, har wasu ma don tsoron lissafi suka zaɓi fannin. Na ga ɗalibin aji huɗu, lokacin rubuta kundin kammalawa, ya buga takardun tambayoyi ɗari biyu waɗanda ya kamata ya kai unguwa ya bi gida gida, sai ya zauna gindin darbejiya shi da abokansa uku, da biro kala uku don kada rubutun ya yi kama, suka cike su tsakanin azahar da la'asar. Washegari ya kai wa mai shagon kwamfuta a bakin ƙofar makaranta, ya biya aka fitar masa da jadawalin babi na huɗu, ya manna, bai san ma'anar lamba ɗaya a ciki ba. Ya sami takardarsa. Amma ran da ya zauna gaban masu ɗaukar aiki, suka juyo masa da kwamfuta suka ce ga amsar mutum dubu, gaya mana abin da ta ƙunsa, a ran nan aka yi wa takardar kuɗi, kuma mai shagon bakin ƙofa ya fi shi tsada.

Inda aka haɗa sanin halin mutane da iya hisabi kuwa, kuɗi na nan. Daniel Kahneman malamin ilmin halayya ne, amma lambar Nobel ta tattalin arziki aka ba shi a 2002, saboda shi da abokin aikinsa Amos Tversky sun nuna yadda zafin hasara ya fi daɗin riba nauyi a zuciyar mutum, da yadda wannan ke karkatar da hukuncinsa a kan kuɗi. A 2010 gwamnatin Birtaniya ta kafa wani ƙaramin sashe na masana halayya, suka gwada ƙara jimla guda a wasiƙar da ake aika wa waɗanda suka yi jinkirin biyan haraji, mai sanar da su cewa mutum tara cikin goma suna biya a kan lokaci. Masu biya suka ƙaru, ba a ƙara ɗan sanda ko ɗaya ba. Bankuna da kamfanonin waya da masu tallan kaya, a can da nan gida, suna biyan wanda zai gaya musu da hujja dalilin da ya sa mai ciniki ya zo ko ya gudu. Ƙungiyoyin agaji da suka cika Maiduguri da Damaturu da Yola sun ɗauki samarinmu da 'yan matanmu da yawa aikin bibiya da auna ayyuka da kwantar da hankalin waɗanda rikici ya ɗaiɗaita, da albashin da ya ninka na gwamnati. Sai dai wannan arziki na ɗan kwangila ne, igiyarsa tana hannun wata ƙasa. Da gwamnatin Amurka ta tsuke bakin aljihun tallafinta a farkon 2025, mutane da yawa suka wayi gari ba aiki. Kada uba ya gina lissafin shekara talatin a kansa.

Yanzu na iso wurin da mizanin Becker yake gazawa, domin yana auna abin da ya shiga aljihun mai takarda, alhali mafi yawan fa'idar wannan ilmi a aljihun jama'a take faɗawa. Ku tuna 2003, lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a Kano, har sai Yulin 2004 aka dawo da ita, cutar ta tsallaka ƙasashe kusan ashirin har Indunisiya. Maganin yana nan a cikin sanyi, likitoci suna nan, kuɗi suna nan, abin da ya ɓace amana ce. Ma'aikaciya takan tsaya a zaure da akwatinta, maigida ya fito ya ce mata: ɗana ya yi zazzaɓi na kai shi asibiti an ce in sayo magani, yau kuma ga magani kyauta an biyo ni da shi har gida, ban roƙa ba, me ke ciki? Wannan tambayar mai hankali ce, musamman a garin da bai manta gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba, kuma ba a amsa ta da ilmin ƙwayoyin cuta. An amsa ta ne da aka zauna aka saurari mutane, aka shigar da sarakuna da malamai, aka ɗauki matan unguwa waɗanda ake buɗe wa ƙofa, aka haɗa allurar da wasu magungunan da mutane ke bukata, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Yaran da ke tafiya da ƙafafunsu yau saboda wannan aiki, ba wanda ya rubuta su a takardar albashin kowa.

Irin wannan bukata tana nan jibge. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna shaye-shaye a Nijeriya. Likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri da Dawanau ba za su ɗauki wannan kaya su kaɗai ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, amma doka ba ta zama da mara lafiya ta saurare shi, sai an ɗauki mutum an biya shi. Imam al-Ghazali ya sanya likitanci da hisabi cikin farillan kifaya, waɗanda in wasu suka tsaya da su an ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi; ni a ganina, ilmin da ake warkar da mai shaye-shaye da shi, ake sulhunta manomi da makiyayi, ake gane dalilin da ke hana uwa zuwa awo, ya shiga wannan babi ta hanyar ƙiyasi. Hukuncin da ke biyo baya a fili yake: abin da amfaninsa na jama'a ne, ba adalci ba ne a bar wa talaka guda ya saye shi da gonarsa. Jihohi su ware tallafin digiri na biyu a wannan fanni, su haɗa shi da gurbin aiki a asibiti da makaranta da gidan gyaran hali. Masu hali kuma su san waƙafi bai tsaya a kan gini da rijiya ba.

Game da bashin karatu da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024, wanda ba shi da ruwa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi, sharuɗɗansa sun fi na Amurka sauƙi nesa ba kusa ba, ban ga laifin ɗalibi ya karɓa ba. Amma ɗana, 'yata, in za ka ci bashi a kan wannan fanni, ka ci shi da niyyar kai karatun inda yake biya: ka rungumi darasin ƙididdiga tun aji ɗaya, ka koyi sarrafa bayanai a kwamfuta da hannunka, ka bi malaminka fagen bincike ko da ba ko kwabo, ka riƙe Hausarka da Fulfuldenka ko Kanurinka da kyau, domin mai binciken da ya zo daga nesa sai ya yi hayar bakinka kafin ya shiga gidan kowa. In kuwa kana da zaɓi tsakanin wannan da wani fanni mai lasisi, kuma kai ne babba a gidan da ƙanne shida ke jiran ka kama aiki, ba abin kunya ba ne ka zaɓi mai saurin biya, ka dawo wa wannan daga baya.

Ku kuma iyaye, kafin ku biya kuɗin rajista, ku sami shugaban sashen ku yi masa tambaya ɗaya cikin ladabi: Allah gafarta malam, ɗaliban da kuka yaye shekara biyar da suka wuce, nawa ne ke aiki, a ina, nawa suke samu? Sashen da sana'arsa ita ce bin mutane da takardar tambaya ya fi kowane sashe a jami'a cancantar ya riƙe wannan amsa a rubuce, kuma in ba ta nan, to ga aikin kundi na gaske ga ɗaliban aji huɗu na bana. Ranka ya daɗe shugaban wannan zama, nan zan dakata, a buɗe fagen tambaya.